Tambarin Zinare da Warin Ƙuna

Wata ranar Laraba ce cikin watan Afrilu, lokacin da ko fanka iska mai zafi take hurowa a Kano. Ina cikin tace bidiyon wani biki, saura kaɗan in kammala, sai na ji "fas!" daga cikin akwatin kwamfutata. Allo ya yi baƙi, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Washegari mai gyara ya buɗe ta ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Malam, fawa fak ɗinka ne ya ƙone, kuma ya tafi da ma'ajiyar bayananka." Duk hotunan ranar kamu suna ciki, ni kuwa na riga na goge katin kyamara don wani aikin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na yi bincike kafin in saya. Na kalli bidiyoyi a YouTube, na ga masu sharhi suna zare shi daga kwali, suna yaba nauyinsa da kyawun wayoyinsa, su jona shi a kwamfuta ta tashi, su ce ya yi. A jikin kwalin kuma ga tambarin 80 PLUS mai ruwan zinare. Me kuma zan nema?

Sai bayan asarar na zauna na karanta abin da tambarin yake nufi. Tsarin 80 PLUS ya fara ne a 2004, kuma babban abin da yake aunawa shi ne: nawa ne daga wutar da ta shigo daga bango take isa kwamfuta, nawa ne take lalacewa ta zama zafi. Ana gwadawa a kashi 20, 50 da 100 na ƙarfin na'urar, a ɗaki mai sanyi daidai, kusan digiri 23. Kamfanin da ya ƙera ne yake aika samfurin da za a gwada. Tambarin bai yi alkawarin cewa kayan cikin za su daɗe ba, bai kuma ce na'urar za ta kashe kanta kafin ta ƙona sauran kaya ba. Ɗakina kuwa a watan Afrilu ya fi kusa da digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa tana dawowa, ga janareta.

Ashe ba ni kaɗai tambari ya taɓa ruɗa ba. A 2021 masu tashar Gamers Nexus a Amurka sun gwada wasu fawa fak na Gigabyte, samfurin GP-P750GM da GP-P850GM, dukkansu masu tambarin zinare. Da suka ɗora musu nauyi don ganin ko kariyarsu za ta katse wuta a kan lokaci, da dama sun yi tartsatsi suka mutu. Daga baya kamfanin ya sauya ma'aunin kariyar, ya kuma buɗe ƙofar musanya wa waɗanda suka saya. Gaskiyar masu iya magana, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Yanzu idan na buɗe sharhi, tambayoyi huɗu nake riƙe da su. Da wace na'ura ya gwada? Mai gwajin gaske yana da injin ɗora nauyi da na'urar da ke zana rawar wuta a allo. Kafin 2022 ƙa'idar ATX ta ce layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, rawarsa kuwa har yanzu ba a yarda ta wuce milibolt 120 ba. Ina son in ga lambobin da idona. A wane zafi ya gwada? Wasu suna saka na'urar cikin akwati mai zafi sama da digiri 40, kuma su ne suka san halin da nake ciki. Ya kwance ta ya nuna kafasitocin ciki da kamfanin da ya haɗa ta? Sau da yawa sunan da ke jikin kwali daban, maƙerin daban. Ta ƙarshe: shi ya saya a kasuwa, ko kyauta aka aiko masa? Ban ce duk wanda aka ba kyauta maƙaryaci ne ba, amma wanda ya ɓoye hakan ba na ƙara sauraronsa.

Zuwa gidan su amarya shi ne abu mafi wuya. Na durƙusa na gaida mahaifiyarta, na yi mata bayani kaina a ƙasa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaro, Allah Ya kiyaye gaba. Sai dai ka sani kakarta ta halarci kamun nan, yanzu kuwa tana kwance ba lafiya." Na mayar da rabin kuɗin, ta ƙi karɓa.

Sabon fawa fak ɗin da na saya ya kusa ninka na farko a kuɗi, kuma sai da na karanta gwajinsa a wurare biyu masu lambobi. Kowane aiki yanzu ina ajiye shi a wuri biyu, katin kyamara kuwa ba na goge shi sai mai biki ya karɓi kayansa a hannu.