Kaset Marar Zare

Cikin abin da ya faɗo rabona a gadon mahaifinmu akwai motarsa, Toyota Camry ƙirar 1999 da ya saya 'yar Kwatano a 2008. Ranar Dutse ta koɗar da fentinta, kujerar direba ta lotsa daidai zamansa, amma injinta lafiya lau. Abu ɗaya na ƙudurta sauyawa tun ranar da aka miƙo mini makulli, wato rediyonta. Shi ne wanda kamfani ya dasa tun daga masana'anta, mai bakin kaset da maɓallan zaɓen tasha. Ba shi da ramin filash, bai san memori ba, balle a yi zancen Bluetooth. Ni kuwa duk abin da nake saurare yana cikin wata 'yar na'urar MP3 da ba ta fi akwatin ashana ba: karatun Husari, waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo, da gurmin Haruna Uji na Haɗeja. Aiki yana kai ni Jahun sau uku a mako, ta Shuwarin da Kiyawa, kuma doguwar hanya ba ta daɗi da shiru.

Na je wajen masu kayan mota, aka nuna mini sababbin rediyoyi masu allo kamar ƙaramin talabijin. Muka yi ciniki, na ce zan dawo ƙarshen wata. Da daddare ina ba Hajiya, mahaifiyata, labari cikin hira, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, in ka cire shi, a ina zan riƙa jin Malam?"

Ban gane nufinta ba sai da ƙanwata ta warware mini. A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birni. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin wannan yanki aka ce su tattaro su dawo gida. Baba, wanda ƙaramin akawu ne a lokacin, yana cikinsu. Garin bai shirya wa wannan taro ba, gidan haya ya yi wuya, don haka ya bar mu a Kano ya taho shi kaɗai. Wayar salula ba ta zo ba sai 2001. Hajiya kuwa karatun allo ta yi, wasiƙar boko sai an nemo mai karanta mata, kuma akwai maganar da miji ba ya son ta bi ta bakin wani. Sai ya sayi kaset na minti sittin, ya zauna gaban rikoda ya yi mata magana, ya ba wani direban tasha ya kai.

Wannan kaset ta naɗe a ɗankwali ta ajiye a ƙasan adaka kusan shekara talatin. Da ta shiga takaba ta ciro shi, aka duba gidan kaf ba a sami rikoda mai rai ko ɗaya ba. Motar da ke fake cikin gida ita kaɗai ta rage. Ashe kullum bayan la'asar, ina wurin aiki, takan sa ƙanena ya murɗa mata makulli, ta zauna a kujerar baya ta saurari mijinta yana ba ta labarin ɗaki ɗaya da suke kwana su huɗu, da duwatsun da suka kewaye garin, da arahar dabino, da inda za ta karɓo gero kafin ya aiko da kuɗi.

Daga ranar zancen cire rediyo ya mutu. Tambayar ta koma: ta yaya sabuwar na'ura za ta yi magana ta bakin tsohuwa ba tare da an taɓa tsohuwar ba?

Dabarar farko da aka sayar mini ita ce wani ɗan abu da ake cusawa a ramin kunna sigari. A zahiri ƙaramar tashar rediyo ce da ƙarfinta bai wuce 'yan taku ba. Tana karɓar sauti daga MP3 ko memori, ta watsa shi a zangon FM, kai kuma ka kamo ta da rediyon motarka kamar yadda kake kamo kowace tasha. Zangon FM yana tsakanin mita 87.5 da 108, aikinka shi ne ka nemo gurbin da babu kowa. Na saita ta a 88.0, na juya rediyo na rasa ta: daga 87.9 sai ya tsallaka 88.1. Daga baya na fahimci dalili. Motar don kasuwar Amurka aka ƙera ta, can kuwa tashoshin FM a lambobin mara suke zama, don haka rediyonsu ba ya tsayawa a kan cika. Da na mai da ita 88.1 sai magana ta fito.

A cikin Dutse ta yi aiki ba laifi, domin tashoshinmu ba su da yawa. In ka kauce wa Freedom da Horizon da FM ta Andaza, fili ne fetal. Amma ranar da na nufi Kano, ina wuce Wudil tashoshin birni suka fara danne ta, Shata yana waƙa wani mai talla yana ratsa shi. Ga kuma wani siririn kuka da ke tashi duk lokacin da na taka totur, ya sauka in na saki. Muryar ma ba ta da kauri, kamar mai magana daga cikin tulu.

Wani abokin aiki ne ya kwatanta mini shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan kasuwa. Na same shi cikin tarin matattun rikodoji, tabarau a karan hanci. Ya leƙa motar, ya kunna, ya kashe, sannan ya ce hanya uku ce. Ta farko, a bayan irin wannan rediyo sau da yawa akan sami wata kafa da kamfani ya tanada don jona na'urar faifan CD mai ɗaukar faifai da yawa; akwai ɗan akwati da ake sakawa nan ya ba ka ramin sauti, kuma shi ya fi kowanne tsabtar murya, sai dai dole a kwance gaban mota, a kuma aika Kano a nemo wanda ya dace da ƙirar. Ta biyu, a buɗe cikin rediyon a yi masa ƙarin waya da dalma. "Wannan kam, Malam, ba da hannuna ba," in ji shi. "Abin da ya shekara ashirin ba a buɗe shi ba, in ka buɗe ba lallai ya koma yadda yake ba." Sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ta uku: kaset baƙi, da siririyar igiya tana reto daga gefensa, bakinta irin na abin sauraro na kunne.

Na juya shi na ga babu zare a ciki. Na ce, "Baba, wannan ai fanko ne." Ya yi dariya ya ce in saka. Na jona igiyar a MP3, na tura kaset, sai ga gurmi ya cika motar, garau, ba kuka ba ratsi.

Yadda abin ke aiki ya burge ni har na bi diddiginsa. Zaren kaset na gaske leda ce da aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Yana wucewa ta gaban wani ɗan ƙarfe da masu gyara ke kira hed, a gudun santimita 4.76 cikin daƙiƙa, shi kuma hed ya mai da sauye-sauyen maganaɗisun nan su zama lantarki, lantarki ya zama murya a sifika. Kaset marar zare yana ɗauke da nasa hed ɗin a daidai inda zare ya kamata ya bi. Sautin da ya biyo igiya sai ya zama maganaɗisu a nan, hed ya manne da hed, rediyo ya karanta yana zaton zare ne ke wucewa. A ciki kuma akwai 'yan ƙafafun roba masu haƙora da ke juyawa, don kada rediyon ya ɗauka kaset ya ƙare ya juya gefe ko ya tofo shi waje.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. Shi kuwa wannan marar zaren a Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, don masu son jona na'urar CD ta hannu a motocinsu. Ya ga zuwan iPod a 2001, ya ga zuwan wayoyi masu memori, duk ya yi musu hidima. A Amurka, Lexus SC 430 ƙirar 2010 tana cikin motoci na ƙarshe da suka fito daga masana'anta da bakin kaset. A can zance ya ƙare. A nan kuwa, inda motar da Bature ya gama da ita take fara sabuwar rayuwa, duk wanda ya tsaya tashar mota a Dutse ko ranar kasuwar Shuwarin zai ga bakin kaset bai zama tarihi ba tukuna.

Dattijon ya koya mini ladubban abin. A goge hed da auduga da ɗan sifirit lokaci-lokaci, domin ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa. Kada a ƙure muryar MP3, a bar ta wajen kashi uku cikin huɗu, a ƙara da maɓallin mota. In rediyon yana da maɓallin Dolby a kashe shi, don yana dusashe sauti. Ni kuma na ƙara wa kaina doka ɗaya: in jera abin da zan saurara tun kafin in tayar da mota, in kawar da igiyar daga wajen giya. Waƙa ba ta kai a sunkuya nemanta a kan titin da tirela da akuya da ɗan acaɓa ke rabon hanya ba.

Haka muka zauna lafiya wata da watanni: da safe kaset marar zare, da la'asar kaset ɗin Hajiya. Na ɗauka na gama da matsalar. Ran nan ina alwala sai ƙanena ya shigo a guje. Muryar Baba ta fara ja kamar mai jin barci, sannan ta tsaya cak. Rediyo ya ci zare. Na tarar da Hajiya a kujerar baya, hannunta a kan bakinta, ba ta ce komai ba. Ban taɓa jin nauyin sakacina kamar wannan yammacin ba.

Dattijon ya shafe fiye da awa guda da ɗan hantsaki yana zaro zaren a hankali, ya mai da shi da biro. Bai tsinke ba, amma wajen tsawon yatsa ya yamutse, kuma kalmomin da ke wurin har gobe rawa suke yi. Ya nuna mini 'yar robar da ke matse zare tana jan sa, zafin mota ya busar da ita ta yi ƙyalli, bel ɗin ciki kuma ya saki. "Yau na gyara," ya ce, "amma ni da rediyon nan duk mun tsufa. Abin da ke cikin kaset ɗin nan ka fitar da shi tun yana fitowa."

Ya ara mana wata rikoda mai lafiya. Babban ɗana ya jona ta da kwamfuta da igiya mai baki biyu, ya buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna Audacity, muka saki kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe. Minti sittin, ba a gaggauta shi. Muka adana shi a kwamfuta da filash da memori, muka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp. Ƙanena, wanda aka haifa bayan an yi wannan naɗi, ya ce bai taɓa sanin Baba yana da irin wannan dariyar ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na je neman hanyar da zan shigar da sabon sauti cikin tsohon rediyo, ban lura cewa aikin da ya fi gaggawa shi ne fitar da tsohon sauti zuwa sabuwar na'ura ba. Gida nawa ne a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu ke da kwali cike da kaset-kaset a ƙarƙashin gado? A ciki akwai tafsirin malaman unguwa da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, da kiɗan makaɗan ƙauye a bikin da aka yi shekara arba'in, da saƙon alhazai daga Makka, da waƙoƙin siyasar Jamhuriya ta Biyu, da muryoyin iyaye. Littafi ko ya tsufa ido na iya karanta shi. Kaset kuwa sai da na'ura, na'urorin suna mutuwa, masu gyaransu suna tsufa ba magada. Zafi da laima da ƙura kuma ba sa hutu. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa rabon bola yake kawowa.

Aikin bai fi ƙarfin ɗalibi mai kwamfuta da haƙurin awa guda ba. Ina ganin ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa za su sami abin nazari mai yawa in suka bi gidaje da rikoda ɗaya mai lafiya, su kwafa, su mayar wa masu shi kayansu, su ajiye kwafi da izininsu. Gidajen rediyonmu ma za su iya ware rana guda a wata su ce kowa ya kawo nasa. Kafin a kai ga haka, kowa ya fara da adakar gidansu.

Kaset ɗin Baba ya koma cikin ɗankwalinsa, ba mai sake saka shi a na'ura. Rediyon kamfani yana nan inda yake. Makon jiya na ɗauki Hajiya zuwa wani suna a Jahun. Muna wuce Shuwarin ta ce in sa mata Malam. Na gangara gefen titi, na lalubo shi a MP3, na tura kaset marar zare, muka hau hanya. Muryar ta fito ta sifikun da ta saba fitowa, yana lissafin kuɗin haya a Dutsen 1991. Can sai Hajiya ta taɓa bayan kujerata ta ce, "Ƙara murya kaɗan. Nan ne zai tambayi tarin da kake yi."