Baƙon Kano Mai Ƙaramin Guzuri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna wata 'yar magana game da zuwa Kano.

Sau da yawa za ka ji mutum ya ce ya so ya zo ganin Kano da hutu amma ya fasa, wai Kano sai mai kuɗi. Waɗansu kuwa sukan daure su zo, su kama ɗaki a otal a Nasarawa ko Bompai, su zaga manyan kantuna, kafin kwana biyu albashin wata ya ƙare, su koma gida ko ƙofar birni ba su shiga ba. Ni dai a ganina waɗannan gefen Kano suka zo. Kanon da a ke ba da labari tana cikin ganuwa, mafi yawan abin kallonta kuwa ba a biyan ko kwabo a kansa.

Masauki shi ne ke cinye guzuri. Fataken da ba su san otal ba, wurin fatoma su ke sauka, ya ba su ɗaki, ya haɗa su da masu saye. Har yanzu da wuya a sami garin Hausa wanda ba shi da mutanensa a Kano. Sai ka aika wa ɗan garinku tun da wuri, ka riƙo masa 'yar tsaraba, kada kuma ka wuce kwana uku.

In ka yi sallar asuba, ka sha koko da ƙosai a bakin hanya, ka nufi Dutsen Dala tun rana ba ta yi zafi ba. An yi masa matakala, saboda haka ko dattijo yana iya hawa in ya bi a hankali. A nan Kano ta fara. Masu binciken tarihi sun sami alamar an narka tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7, littafin tarihin Kano kuwa ya ce a nan Barbushe ya zauna yana yi wa jama'a tsafin Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a 999. Daga bisa za ka hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin Masallacin Juma'a, da rufin gidaje har iyakar ganinka. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000. To, ka dubi abin da ke gabanka ka gwada. Kada ka yi gaggawar sauka, gama duk inda za ka bi ran nan daga nan za ka fara gane shi.

In ka sauko ka ratsa ta Madabo, unguwar malamai, inda a ke cewa Wangarawa sun sauka da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Lungunan matsattsu ne, mota ba ta da amfani a cikinsu, wannan ma sauƙi ne ga aljihunka. In ka ɓata ka yi sallama ga dattawan da ke zaune a ƙofar gida, za su sa yaro ya nuna maka hanya.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa. A nan fa a ke son haƙuri. Ga dukawa, ga masu linzami da sirdi, ga masu turare da kayan yaji, ga littattafan addini, kowa yana kiranka. Kallo kyauta ne, amma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, gama Bakano in ya sallama maka ka ƙi ɗauka, ka ji kunya. Ka ware kuɗin tsaraba daban tun daga masauki, in sun ƙare sun ƙare. In yunwa ta taso, Jakara na nan kusa, ka nemi gurasa da ƙuli da mai da albasa, ka bi ta da fura da nono. Wanda ya ci wannan ba zai nemi kome ba sai bayan la'asar.

Ka yi azahar a Masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ka zaga ta Ƙofar Kudu ka ga gaban Gidan Rumfa, kana ka shiga Gidan Makama, wanda aka mai da gidan ajiye kayan tarihi. Nan kam akan biya kuɗin shiga, kuma ya cancanta, ko don ka ɗaga kai ka ga yadda magina na da suka ɗaure baka da azara da ƙasa. Sa'an nan ka gangara marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 a ke rini a cikinta da baba da toka. Yawancin karofin yanzu a bushe su ke, masu aikin kaɗan ne suka rage. In sun tsaya sun yi maka bayani, ka ba su na goro, kada ka yi rowa a nan. Da yamma in ƙafa ta gaji ka hau a-daidaita-sahu, gama an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013. Ka tambayi kuɗin kafin ka shiga, ka kuma shiga wadda ta ke da mutane, ta fi shata araha.

Saura maganar ganuwa, ita ce kuwa ta sa na ce a zo da wuri. Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ta, sarakunan bayansa suka faɗaɗa, tana tsaye har Turawa suka ci Kano a 1903. Yau sai guntu-guntu. Ruwan sama ya ci nasa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, aka yi gidaje da kantuna a kan wani sashi, waɗansu ƙofofin kuma aka rushe su don faɗaɗa titi aka sake su da siminti. Wanda ya ga wani ɓangare bana ba shi da tabbacin zai same shi nan da shekara biyar.

Don haka ina roƙon hukuma ta kafa alluna da Hausa a gindin Dala da kowace ƙofa, a rubuta sunanta da tarihinta, a kuma kewaye abin da ya rage na ganuwar. Malamai kuma masu zuwa hutu, in da hali ku zo da ɗalibi ɗaya ko biyu, ku hau Dala tare.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Dala, Kano.