Allon Wasan Kwamfuta: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Mai karatu, wataƙila ka yi mamakin cin karo da zancen wasan kwamfuta a wannan mujalla tamu da aka saba cikawa da waƙoƙi da nazarin nahawu. Hujjata ita ce malamanmu sun sha gaya mana cewa babu abin da harshen Hausa ba zai iya ɗauka ba. Da yawa daga cikinmu muna yin wannan wasa a ɗakunanmu, amma da Ingilishi ko Yarabanci muke zancensa. To, yau zan gwada shi da Hausa, wadda na fara tsinta a bakin maƙwabtanmu a Agege tun kafin in zo jami'a in karance ta.

Wata goma sha huɗu na yi ina buga wa ɗalibai kundayen kammala digiri, shafi-shafi, har na tara naira 350,000. Ina da kwamfutar tebur da yayana ya bar mini sa'ad da ya tafi hidimar ƙasa, tana da katin hoto ƙirar RTX 3060, amma allonta tsoho ne, har wani koren layi ya tsaga shi daga sama zuwa ƙasa. Da na gaya wa mahaifiyata abin da zan yi da kuɗin sai ta ce, "Kuɗin hayar ɗaki za ka kai wa talabijin marar tasha?" Ban ga laifinta ba. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 duk wani kaya da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabi, kuma na san idan na yi zaɓen tumun dare, babu wani kuɗin da zan sake tarawa kafin in gama makaranta.

Duk wanda ya shiga Computer Village da ke Ikeja neman allo, lambobi uku ne za a yi ta jefa masa: girman allo da inci, yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, da kuma sau nawa allon yake sabunta hotonsa a daƙiƙa ɗaya, wato abin da ake rubutawa Hz a jikin kwali. Mai shago zai nuna maka cewa kowace lamba in ta fi girma ta fi kyau. Mai shagon da na fara shiga ya kunna mini wani mai inci 32, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, irin wanda ake kira 4K, mai sabunta hoto sau 144. Gaskiya ya yi kyau, har ciyawar filin ƙwallo kana iya ƙirgawa. Abin da bai tambaye ni ba shi ne wace irin kwamfuta ce za ta ciyar da wannan allo.

A nan gizo ke saƙa. Allo ba ya ƙirƙirar hoto, nunawa kawai yake yi. Katin hoto ne ke zana kowane ɗigo. Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 da 1440 yana da 3,686,400. Shi kuwa 4K yana da 8,294,400, wato ninki huɗu na na farko. Idan kana son 4K ya sabunta sau 144 da sabon hoto kowane karo, dole katin ya zana ɗigo kusan biliyan 1.2 a kowace daƙiƙa, kusan ninki goma na aikin da yake yi wa ƙaramin allo mai 1080 da Hz 60. Katina ba zai iya wannan ba a manyan wasannin zamani, sai dai in rage kyan hoton ko yawan ɗigon, ka ga ke nan na biya kuɗin abin da ba zan gani ba. An sayi doki mai gudu an ɗaure shi a turke.

Katin da zai iya kuwa, ban da tsadarsa, akwai cin wuta. RTX 4090 yana jan wat 450 shi kaɗai, alhali nawa 170 yake ja. Duk wanda ya zauna a gidan haya a Legas ya san ƙaramin janaretan da muke fama da shi, wanda ko dutsen guga ba ya ɗauka. Kuma tun watan Afrilu na 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, mai mita ya koyi ƙirga duk abin da ya jona. Masu sharhin kayan kwamfuta a Amurka da Ingila ba sa kawo wannan a lissafinsu, domin su ba a ɗauke musu wuta ana tsakiyar wasa.

Sai batun girma. Mutane suna zaton babban allo ya fi kaifin hoto, alhali idan ɗigon bai ƙaru ba, girman sai ya baje su. Allo mai inci 27 da ɗigo 1080 yana da kamar ɗigo 82 a kowane inci. Mai inci 27 da 1440 yana da kamar 109. Wannan bambanci ya dame ni fiye da yadda zai dami sauran 'yan wasa, domin da rana allon nan wurin sana'ata ne. Wanda ya taɓa duba kundin da aka rubuta da Hausa ya san yadda lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ take ɓacewa a allo mai dishi-dishi idan rubutun ƙanana ne, sai ka kasa bambance kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri. Kundayen Yarabanci sun ma fi wahala, ga ɗigo a ƙarƙashin baƙi ga alamar sauti a kan wasali. Saboda haka a kowane shago sai in sa a buɗe mini wani shafi daga cikin aikina, wanda na taho da shi a filashi. Wani mai shago ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin ɗan wasa mai gwada allo da karatu ba.

Mai inci 32 kuwa faɗinsa ya kai santimita 70, teburina kuma ɗan ƙarami ne, hancina zai kusa taɓa gilashin. Sai ka riƙa juya wuya kamar mai kallon ƙwallon tebur.

Game da saurin sabunta hoto, a nan ne na ga ya kamata a kashe kuɗi, amma da iyaka. A Hz 60, kowane hoto yakan tsaya kamar kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. A 144 ya sauko zuwa 6.9, a 240 kuma 4.2. Duba da kyau: daga 60 zuwa 144 an rage kusan goma, daga 144 zuwa 240 ba a rage ko uku ba. Tsallen farko ko wanda bai taɓa wasa ba zai gan shi, da zarar ya ja linzamin kwamfuta a kan allo. Na biyun sai gwanayen da ke gasar Counter-Strike 2 don kuɗi. Ni da nake buga ƙwallo da harbi da abokai ranar Asabar, 144 ko 165 ya ishe ni. Abin da na nace a kai shi ne allon ya kasance yana da FreeSync na kamfanin AMD ko G-Sync na Nvidia, dabarar da ke sa allo ya jira kati, ta yadda ko katin ya gaza ya ba da hoto 90 maimakon 144, hoton ba zai riƙa yagewa gida biyu ba. Ga mai matsakaicin kati irina, wannan ya fi kowace babbar lamba amfani.

Akwai wata lamba da ban ba ta muhimmanci ba, wato "1ms" da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kusan kowane kwali. Kamfanoni sukan auna ta ne a yanayin da ya fi yi musu daɗi. Gara ka tambayi irin gilashin. Nau'in VA yana da baƙi mai zurfi amma yakan bar jan wutsiya a wurare masu duhu idan abu na gudu. IPS ya fi daidaiton launi ko daga gefe ka kalla. OLED ya fi su duka kyau, sai dai tsada, kuma hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin tabo, ni kuwa shafin rubutu nake buɗewa awa shida a jere.

A ƙarshe na tsaya a kan IPS mai inci 27, ɗigo 2560 da 1440, Hz 165. Sabo na saya a kwali duk da cewa na gwanjo, wanda muke kira tokumbo a nan, ya fi araha, domin ina son rasit da garanti. Kafin in biya na sa an cika allon da fari, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, ina neman mataccen ɗigo, domin in ka fita da shi daga kasuwa, magana ta zama doguwa. Na kuma ƙi karɓar tsohuwar wayar HDMI da yaron shagon ya miƙo mini, na ce a ba ni DisplayPort, don ba kowace waya ce ke iya ɗaukar wannan yawan hoto ba. Ga wata 'yar shawara ga wanda zai saya: sau da yawa Windows yakan bar sabon allo a kan Hz 60 har sai ka shiga saiti ka canja da hannunka. Na san wani abokina da ya yi zangon karatu guda yana yabon saurin allonsa alhali a 60 yake.

Ragowar kuɗin ban taɓa su don wasa ba. Na sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin a unguwarmu idan aka dawo da wuta takan zo da ƙarfin da ya taɓa ƙona wa maƙwabcina firji. Na'urar ajiye wuta ta UPS ce ta rage, kuma a lissafina sai na buga wasu kundaye shida kafin kuɗinta su cika.