Tsakanin "Latsa" da "Taɓa"

A nazarin da nake yi kan kalmomin fasaha, na daɗe ina kokwanton "latsa nan" da muke rubutawa. Gilashin wayar zamani ba nauyin yatsa yake aunawa ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layuka, na tsaye da na kwance, waɗanda ido ba ya gani, kowace mahaɗa tana riƙe da ɗan cajin lantarki. Da yake lantarki na ratsa jikin mutum, da zarar yatsa ya kusanto sai ya janye wani kaso, awon bolt na mahaɗar ya sauya, na'ura ta gane wurin. E. A. Johnson ya bayyana tushen dabarar a Ingila a 1965. Shi ya sa safar hannu ke hana waya amsawa, ɗigon ruwa kuma ya ruɗa ta.

"Latsa" gadon maɓalli ce. "Taɓa" ta fi dacewa. Inda na fi cijewa shi ne "ƙarfin lantarki", wanda muke ɗora wa bolt da amfiya da wat baki ɗaya. Ɗalibin da aka ce wa ƙarfi ya sauya, wanne zai auna? Game da bolt, ni na karkata ga "matsin lantarki".