Gwangwani, Toka da Turaren Tsinke

Duk wanda ke cikin makarantar nan ya san ba a shigowa kwas ɗin kimiyya ko injiniya sai da kiredit a lissafi. Kowannenmu kuma yana da aboki mai kaifin kai wanda wannan kiredit ɗin guda ya tsare a gida. Idan ka bi diddigi, sau da yawa rabuwarsa da lissafi ta fara ne ranar da malami ya rubuta y = mx + c a allo, ya ce a kwafa. Daga nan lissafi ya daina zama ƙirgen kuɗi da awon da yaro ya saba, ya koma baƙin haruffa.

Ni ɗalibin ƙididdiga ne, ajin ƙarshe na difloma. Tun bara nake koyar da yaran unguwar da nake haya, 'yan aji uku na ƙaramar sakandare da 'yan aji ɗaya na babba, Asabar da Lahadi da safe, a harabar wata Islamiyya. Ba mu da kayan aiki, don haka abin da ke cikin gida shi ne kayan aikinmu.

Da gwangwani muke farawa. A sami dogo mai miƙaƙƙen jiki, a zuba ruwa har ya kai santimita 3, sannan a riƙa ƙara ludayi ɗaya-ɗaya ana tsoma rula. Namu, kowane ludayi santimita 2 yake ƙarawa: 5, 7, 9, 11. Kafin mu kai ludayi na shida yaran sun fara faɗin amsa tun ba a auna ba. A nan nake tsayawa in tambaye su, yaya aka yi kuka sani? Sai su ce ai biyu-biyu yake hawa, kuma da ma akwai uku a ciki. To, sun faɗi y = 2x + 3 da bakinsu, ni rubutawa kawai na yi. Ruwan da aka tarar shi ne c, abin da kowane ludayi ke ƙarawa shi ne m.

Sai mu sauya gwangwani mai faɗi. Ruwa ya riƙa hawa a hankali, layin da ke takarda ya kwanta. Sai mu ɗauko bokiti, wanda bakinsa ya fi gindinsa faɗi, layi ya ƙi miƙewa, ya lanƙwashe. Wata yarinya ce ta gano dalili: "Malam, ai sama ya fi cin ruwa." Wannan magana ta fi min daɗi a kan duk wata ma'ana da za ta haddace, domin ta gane cewa layi ba ya miƙewa sai in ƙarin bai canzawa.

Na biyu kuma a tsakar fili ake yin sa. Mu ja layi biyu da toka, su gitta juna, mu sa alama taku-taku. Yara bakwai, kowa a ba shi lamba daga −3 zuwa 3, ya lissafa y = 2x + 1, ya taka ya je ya tsaya a gurbinsa. Sai a miƙa igiya daga na farko zuwa na ƙarshe. Duk wanda igiya ba ta taɓa ba, ba sai na yi magana ba, da kansa zai koma ya duba lissafinsa, kuma galibi masu lambar ƙasa da sifili ne. Idan na ce a mayar da 1 ta zama 3, kowa ya ƙara taku biyu gaba, igiya ta matsa ba tare da ta karkace ba. Yaron da ya taka wannan da ƙafarsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Wanda suka fi so shi ne turaren tsinke. Mu auna inda ke ci, santimita 20, mu kunna, duk minti huɗu a sake aunawa. Wajen santimita 2 yake raguwa, don haka layin gangarowa yake yi. Bayan awo huɗu sai kowa ya ɗora rula ya ja layinsa har ya taɓa ƙasa, ya faɗi lokacin da turaren zai mutu. Yawanci sun ce minti 40. A minti na 42 ya mutu, aka yi ta musu ko iska ce ko awonmu ne. Wallahi ban taɓa ganin yara sun zuba wa agogo ido haka ba.

Ba kowa ne abin ya burge ba fa. Wani uba, ɗan adaidaita sahu, ya zo ya same ni ya ce, "Malam, karatu na turo shi ko wasan ruwa?" Na roƙe shi ya faɗa wa ɗan nasa abin da yake kashewa a yini. Ya ce balas da mai sun kai naira 6,000, fasinja kuma a kai-a-kai 200. Yaron ya ja layinsa daga ƙasan sifili, ya duba inda ya tsallaka, ya ce, "Baba, sai ka ɗauki mutum 30 kafin ka fara cin naka." Mutumin ya yi shiru, ya ce haka ne, wajen azahar ke nan. Bai ƙara cewa komai ba, amma mako na gaba ƙanen yaron ma ya zo.

Gaskiya dai hanyar tana cin lokaci, kuma ranar WAEC ko NECO ba mai ba ka igiya. Shi ya sa kowane aiki a takardar giraf yake ƙarewa: a zaɓi sikeli, a sa ɗigo da fensir mai tsini, a ja layi, a fitar da m da c. Nakan kuma gaya musu cewa kalmar aljabara daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, shi kuma haɗa ta da zane ana danganta shi da Bafaranshe Rene Descartes, a littafinsa na 1637. Mutane ne suka yi, ba aljanu ba.

Abin da ya sa na rubuto wannan shi ne, saura min 'yan watanni in miƙa furojet in tattara kayana. Yaran nan goma sha tara ne, biyar daga cikinsu za su zauna jarrabawar aji uku bana, kuma har yanzu ban sami wanda zai karɓe ni ba. 'Yan'uwana 'yan ajin farko, musamman na ƙididdiga, injiniya da safiyo, awa biyu ce kawai a rana. Mai niyya ya bar saƙo a ofishin ƙungiya. Gwangwanayen da igiyar suna nan, zan bar masa su.