Abin da ya sa ban daina kallon Takeru ba



Tun ranar da na ambaci sunan Takeru a shirin wasanni, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wani ya rubuto ya ce: "Malam, ga kokowa, ga dambe, mi ya kai ka Japan?" Tambaya ce mai kyau, amma minti biyun da nike da su a rediyo ba za su ishe ni amsa ta ba. Shi ya sa na zo nan.

Abin ya samo asali tun ina lise. A fadarmu akwai wani abokinmu mai kawo faya-fayan bidiyo daga kasuwa, muna shan shayi muna kallo. A nan na fara ganin K-1, gasar damben hannu da ƙafa da aka kafa a Japan a 1993. Faifan da ya fi kama ni shi ne na wasan ƙarshe na 2004, inda Buakaw ɗan Tailan ya yi wa Masato, gwarzon Japanawa, ruwan shuri a gaban mutanensa. Muka ce Masato ya ƙare. Sai ga shi a 2008 ya sake ɗaukar kambun.

Ga wanda bai san wasan ba, iri biyu ne. A dokar K-1 akwai naushi, da shuri, da bugu da gwiwar ƙafa, yawanci turmi uku na minti uku-uku. Shi kuwa Muwai Tai, damben gargajiyar Tailan, ya ƙara da gwiwar hannu da riƙe wuya, ana yi ana kiɗa, kuma ɗan wasa sai ya yi rawar girmama malaminsa kafin a fara. Manyan fagagensa biyu, Rajadamnern da Lumpinee, suna birnin Bankok.

Japanawa sun daɗe suna bin wannan hanya suna shan kashi. A farkon shekarun 1960 ƴan karate uku suka je Lumpinee. Biyu suka ci, na ukun, Kenji Kurosaki, aka kwantar da shi da gwiwar hannu. Ya koma gida ya zauna ya nazarci abin da ya kada shi, ya buɗe wurin horo. Almajirinsa Toshio Fujiwara ne ya zama baƙo na farko da ya ɗauki kambun Rajadamnern, a 1978. A 2019 kuma wani matashi, Nadaka Yoshinari, ya haɗa kambun Rajadamnern da na Lumpinee a hannunsa.

To, mu zo kan Takeru. Shekara da shekaru masu bin wasan suna jiran karonsa da Tenshin Nasukawa. Takeru ya riƙe kambun K-1 a aji uku na nauyi, ya yi kusan shekara goma ba a kada shi ba. Tenshin kuwa, bahago mai zafin nama, ba a taɓa cin sa ba a wannan wasa. Abin da ya hana su haɗuwa shi ne kowa da kamfaninsa. Sai ranar Lahadi 19 ga Yuni 2022 aka haɗa su a Tokyo Dome, gaban mutum fiye da 56,000. Japan ta riga mu da awa takwas, daren su ranarmu ce. Na sayi forfe, na cika batir tun da safe don gudun ɗaukewar kuran. Dab da ƙarshen turmin farko Tenshin ya tarbe shi da hagu, Takeru ya faɗi. Ya tashi, ya yi ta kutsawa har turmi na uku, amma alƙalai duka suka ba Tenshin.

Ba faɗuwar ce ta girgiza ni ba. Bayan ƴan kwanaki Takeru ya kira ƴan jarida, ya ce zai huta, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana fama da ciwon firgici da ciwon damuwa. Mutumin da ake dukansa yana murmushi! Na karanta labarin sau uku.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. A wannan shekarar, duk sa'ad da jar fitilar studiyo ta kama, sai gabana ya shiga dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, maƙogwaro ya shaƙe. Wata rana ina tsakiyar labaran rana murya ta ɗauke ƙaf. Mai kula da na'ura ya yi maza ya saka kiɗa, daga baya na ce muku matsalar na'ura ce. Ƙarya na yi, ku gafarce ni. Na ɓoye wa kowa, har maiɗakina, don na san abin da za a ce: wasu su ce iska ce, wasu su ce an yi mini sammu, wasu su ce na taɓu. Kuma muryar nan da ita nike ciyar da gida. In ta tafi, mi ya rage?

A daren da na karanta maganar Takeru na faɗa wa maiɗakina. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Baban yara, ai na daɗe da lura, jira nike ka faɗa." Cikin satin na je wurin likita. Ya saurare ni, ya ce ciwo ne sananne mai magani, ya koya mini yadda zan sarrafa numfashi, ya sa mini ranar komawa. Addu'a ban bari ba, asibiti ma ban bari ba. Har gobe abin yakan leƙo, amma yanzu na san sunansa.

Shi ma Takeru hanya ba ta yi masa sauƙi ba. Ya koma kamfanin ONE. A Janairun 2024 Superlek ɗan Tailan ya yi ta sarar ƙafarsa da shuri har turmi biyar, ya ci shi da maki. A Satumba na shekarar, a Lumpinee, wani matashi ɗan Miyanma ya kai shi ƙasa a turmin farko, ya tashi ya gama da yaron a na biyu. Ranar 23 ga Maris 2025, muna cikin azumi, ya haɗu da Rodtang a Saitama. Na zauna da wayata, kafin in gyara zama an gama: daƙiƙa 80. Ƴan fada suka yi ta yi mini dariya, wai gwanina ya tsufa. Wataƙila haka ne. Ban yi musu gardama ba.

Mu nan mun san kokowa, mun san da zarar ɗan kokowa ya taɓa ƙasa an gama, makaɗa su bi wanda ya ɗauki takobi, wanda aka kada ya kakkaɓe rairayi ya fita shi kaɗai. Ni yanzu shi nike bi da ido, in ga ko zai dawo baɗi.

Wanda ya tambaye ni mi ya kai ni Japan, ka ji amsarka. In kuma akwai mai jin irin abin da na ji, ɗalibi ne ko direba ko malamin lakkol, ya samu mutum ɗaya da ya yarda da shi ya faɗa masa, sannan ya nemi likita.

Sai mun haɗu ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.