Daga Ƙaura Namoda zuwa Birnin Tsaba a cikin keke mai labule

Idan kina da dangi a arewacin Zamfara, kin san wata rana sai tafiya ta kama ki, ko biki, ko suna, ko gaisuwar rasuwa. Kin kuma san cewa abin da ya fi damun mace mai goyo a irin wannan tafiya shi ne abin hawan da zai kai ta bayan kwalta ta ƙare. A kan wannan za mu tattauna yau, tare da labarin wata baiwar Allah da ta sayi nata abin hawan, ta rufe shi, ta ce har gobe ba ta yi da-na-sani ba.

Mu fara daga Ƙaura Namoda, domin nan ne mahaɗa. Daga Gusau tafiyar kimanin awa guda ce a mota. Garin ya samo sunansa daga Namoda, ɗaya daga cikin jarumawan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma sarkin garin Sarkin Kiyawa ake kiransa. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso nan ya tsaya, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga zuwa kudu. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983, ga kuma gulbin Gagare yana ratsawa ta gefen gari. Daga Ƙaura hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi Moriki da Shinkafi, inda babbar kasuwa ke ci ranar Alhamis, ta wuce Isa a jihar Sakkwato. Ɗayar ta yi Dauran da Zurmi, ta miƙe har Jibiya a jihar Katsina. Birnin Tsaba tana cikin ƙaramar hukumar Zurmi, mazaɓa ɗaya suke da Dauran.

Muddin kina kan kwalta, Golf da Sharon za su kai ki. Da kin sauka kin nufi ƙauyukan ciki, sai labari ya sha bamban. Burji ne a wani wuri, rairayi a wani wuri, sai kwazazzabon da ruwan bara ya bari. A nan babur ne sarki. Ki ɗauka ke ce a bayansa, ga goyo, ga yaro a gaba, ga ƙullin kayan suna a cinya, ga iskar hunturu tana watsa muku ƙura. Kafin ku isa, lallen da kika ɓata dare kina yi ya dushe, atamfa ta koma ja, jariri kuma ya kwana yana tari. Amalanken shanu ya fi natsuwa, amma sai ki ba shi yini.

Matar da nake ba ki labari malamar firamare ce a Ƙaura, iyayenta kuma suna wajen Birnin Tsaba. Da kuɗin adashe da na raguna biyu da ta yi kiwo ta sayi keke mai ƙafa uku na hannu, wanda Kanawa ke kira Adaidaita Sahu, wasu kuma Keke Napep, daga sunan shirin rage talauci na zamanin Obasanjo. Irin waɗanda Bajaj da TVS ke ƙerawa a Indiya ne. Ta kai wa mai walda ya yi masa ƙaramar ƙofar ƙarfe a gefen hagu da dama, tela ya ɗinka labulen tamfol mai tagar leda, wanda ake naɗewa a ɗaure idan an so. Ɗan yayanta ne ke ja. Ranakun aiki yana haya a cikin gari yana kawo mata balas da yamma, idan tafiyar ƙauye ta taso kuma keke na gida ne.

Na bi su wata Asabar a cikin hunturu. Mu uku ne a baya da yara biyu. Da muka bar kwalta yaron ya tsaya ya ɗan rage iskar tayoyin baya, ya ce taya mai taushi ta fi kama rairayi, mai tauri nutsewa take yi. Muka ratsa gonakin da aka girbe gero da dawa, karan a tsaye, rumbuna a bakin ƙauyuka, 'yan mata ɗauke da tallan fura da ƙuli-ƙuli. Babura suna wuce mu suna tayar da ƙura, muna ganinta ta tagar leda tana sauka a kan tamfol. Ɗiyar malamar tana da asma, amma har muka isa barci take yi a cinyar uwarta.

Na tambaye ta ko ta gamsu da sayen. Ta ce, “Yaya, wallahi ko an ninka mini kuɗin da na saye shi ba ni saidawa. Daren da naƙuda ta kama matar ƙanena, da wanga keke anka kai ta asibiti da asuba, kwance, ba wanda ya gan ta. Da babur ne fa?” Sai ta lissafa mini sauran: sutura ga mace, kariya daga ƙura da yayyafi, yaro ba ya zamewa ya faɗi saboda ƙofa, sannan mai kaɗan yake sha. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

To amma uwargida, kafin ki fasa asusunki, ki ji ɗaya ɓangaren, domin ita ma ba ta ɓoye mini ba.

Na farko, keke mai ƙafa uku ba don jeji aka ƙera shi ba. Cikinsa kusa da ƙasa yake, tayoyinsa ƙanana ne. Sau biyu muka sauka a wannan tafiya, mu manya muka tura, yara suna ciki suna dariya. A gangare ko inda hanya ta karkace yana iya kifewa, musamman idan an ɗora buhu a kan rufi. Don haka doka ce a wurinta, kaya mai nauyi a ƙasa, wajen ƙafafu.

Na biyu, zafi. Labulen da ya cece ki a watan Disamba shi zai gasa ki a watan Afrilu. A bazara naɗe shi ake yi gaba ɗaya. Ko a hunturu ma ba a rufewa ruf, domin injin yana baya, ƙarƙashin kujerarki yake, kuma idan salansa ta tsage hayaƙi zai taru a ciki. Hayaƙin inji yana sa ciwon kai da jiri, ga jariri kuwa haɗari ne babba. A bar gefe ɗaya da ɗan buɗi, ɓangaren da iska ba ta bugowa.

Na uku, damina. Daga Yuni zuwa Satumba ƙoramun da ke zuba a Gagare da Bunsuru suna cika cikin ɗan lokaci idan an yi ruwa a sama, ko da inda kike ba a yi ba. Ta hana yaron shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba. Idan laka ta yi yawa, keke a gari yake zama, ƙauye kuma sai an samu a-kori-kura.

Na huɗu, gyara. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji. Duk dawowa daga ƙauye sai an kakkaɓe matatar iska, baƙin mai kuma ana canza shi kafin lokacin da mai yawo a kwalta zai canza. Gargada tana kwance kusoshi, tana cin sifirin. Malamar tana ware wani abu daga balas ɗin kowace rana a gwangwani na daban, na bakanike da mai faci. Ta ce wanda ya cinye balas duka, ranar da keke ya kwanta bashi zai ci.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda duk mai dangi a yankin ya sani, wato tsaro. Zurmi da Shinkafi suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Tamfol ba ya tare wannan. Hasali ma labule yana rage wa direba ganin gefe, kuma a shingen jami'an tsaro dole a ɗage shi su ga waɗanda ke ciki. Tsarin gidan malamar shi ne: ba a tashi sai an kira mutanen ƙauye da safe an ji lafiyar hanya, ana tafiya da hantsi lokacin da jama'a ke kai da komo, ana juyowa kafin la'asar. Idan aka ce hanya ba kyau, ko bikin wa ake yi an fasa, a aika da gudummawa daga baya. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma sai da rai ake sada shi.

Wani ɗana da ke yawan kallon bidiyo a waya ya nuna mini irin abin da ake yi a Amurka. Suna da ƙananan motocin jeji masu ƙafa huɗu, mutum biyu a jere, irin su Polaris da Can-Am, wasu da ƙofofi da gilashi har da na'urar sanyi da ta ɗumi. Da yawa don shaƙatawa suke sayensu, a fita ƙarshen mako a nemi tudu da laka da gangan. Abin da masu su ke yabawa shi ne dai abin da malamarmu ke yabawa: a shiga hanya mai ƙura a fito da tufafi fes, yara kuma a tsare. Sai dai kuɗin guda ɗaya zai sayi kekuna da yawa a nan, kuma ko an kawo, bakaniken Ƙaura bai da kayan gyaransa. Keken Indiya kuwa, ko a kasuwar ƙauye za ki samu fulogi da tib.

Mun isa Birnin Tsaba kafin azahar. Tsohuwar malamar ta fito tana tafa hannu, ta karɓi jikarta, ta shafa kanta ta ce yau ba ƙura. Aka kawo mana fura da nono mai sanyi daga randa, sai tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Maƙwabta suka shigo gaisuwa, wata mai tsohon ciki ta ja malamar gefe tana roƙon a ajiye mata lambar yaron, saboda watanta ya kama. Da muka tashi komowa, aka cusa mana wake da daddawa a ƙarƙashin ƙafafu.

Idan kina tunanin yin irin wannan, ki fara da direba kafin keke. Yaro mai haƙuri, wanda ba ya gudu, wanda kuma zai gaya miki gaskiya idan wani abu ya lalace. Ki je da bakaniken da kika yarda da shi ranar saye, ki karɓi takardu cikakku, ki yi rajista da ƙungiyar masu keke ta garinku. Idan kuɗin ya fi ƙarfinki, ku haɗa ke da 'yan'uwanki biyu ko uku, amma a rubuta rabon kowa a gaban shaidu, domin kuɗi yana raba ciki ɗaya.

Ke kuma da kike Shinkafi ko Moriki ko Zurmi, da me kike zuwa ganin gida idan kwalta ta ƙare? Ki ba mu labari, wata za ta ƙaru. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, Ya tsare matafiya, Ya sauki masu ciki lafiya.